Ɗigon Jan Farcen Zaharaddini

Ni dai na san halina. Duk abin da waya ta tambaye ni, kafin ta gama tambayar na danna mata yarda. Ta haka na tara aplikasiyon a cikin portabul ɗina kamar mai shirin buɗe shago. Akwai na rage tumbi, wanda kowace safiya yake aiko mini da saƙo da Faransanci wai ya yi kewata. Akwai na duba ruwan sama, wanda ya rantse mini rana za a yi tas ranar da ruwa ya kwantar da katangar bayan gidana. Ban goge ko ɗaya ba. A shekaruna, wanda ya ce ya yi kewarka ba a korarsa.

Na faɗi haka ne don a san irin mutumin da ya ɗauki alƙalami zai yi magana a kan Zaharaddini mai portabul, wanda ya kwashe rumfarsa ta bakin tashar Dakoro bayan ƙaramar salla, ya koma gida Bader Goula saboda ido ya fara gajiya.

Kafin hantsi yake isowa a kan kekensa, akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Zai share gaban rumfa, ya shimfiɗa buhu a kan tebur, ya jera ƙananan ƙarafansa na kwance waya, da reza, da tsohon burushin haƙori, da wata ƴar kwalbar jan farce irin ta mata. Sai ya ɗora shayi. Ba ya taɓa wayar kowa sai ya tambayi mai ita lafiyar gida da ta bisashe, ko da kuwa motar mutum na ɗumama inji.

Da rediyo da kaset ya fara, tun zamanin da matan ƴan ci-rani ke zuwa a ɗaukar musu murya a kai wa mazansu Libiya ko Abijan. Manyanmu sun ce in ya danna maɓallin ɗauka sai ya tashi ya zagaya bayan rumfa, ya bar mace da rediyonta ta faɗi abin da ke ranta. Kaset ya mutu, wannan ɗabi'ar ba ta mutu ba. Har ranar da ya tashi, in ya kunna wa wani saƙon murya sai ka ga ya tuna yana da aiki a wurin kekensa.

Jan farcen nan kuwa shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu. Yawancin masu zuwa wurinsa ba su yi lakwal ba, wato boko, kuma ba su da niyyar farawa saboda waya. Sai ya zauna da mutum, ya buɗe masa aplikasiyon ɗin aika murya, ya ɗiga jan farce a kan gilashin wayar daidai inda ake dannawa. Ɗigo ɗaya, nan za ka ji. Ɗigo biyu, nan za ka yi magana. Salihu, wani makiyayi daga Tagriss, ya gaya mini Zaharaddini ya sa masa hoton raƙumi mai tabo a wuya a kan nimeron wayar yayansa, hoton buta a kan na limaminsu, a kan na surukarsa kuwa bai sa komai ba, wai kada hannu ya kai can bisa kuskure. Salihu ya ce tun daga ranar bai ƙara roƙon kowa ya duba masa waya a bakin rijiya ba.

To, a nan nake da magana da masu ƙera aplikasiyon, duk inda suke zaune. Ban ce ba su da basira ba. Wanda ya sa muryar mutum ta ƙetare Sahara kafin shayi ya tafasa, ni mai sayar da maganin dabbobi ba ni da bakin raina shi. Abin da ban gane ba shi ne rashin zamansu. Abu na aiki lafiya lau, sai a wayi gari sun aiko da abin da suke kira mizajur, wai gyara, maɓallin da ke ƙasa ya koma sama, na dama ya shige cikin wasu ɗigo-ɗigo. Kamar ka dawo daga gona ka iske an mayar da ƙofar ɗakinka bayan gida, an bar maka takarda wai yanzu ya fi kyau. Na sha zama ina hasko su: samari ne masu kirki a ɗaki mai sanyi, kowa na son a ga ya yi aiki. Da sun taɓa ganin ɗigon jan farce a kan gilashi, ina jin da hannunsu ya yi nauyi. Duk mizajur ɗaya, Zaharaddini zai kwashe kasuwanni yana kankare tsohon ɗigo da reza yana ɗiga sabo.

Cikin masu ɗigon akwai Goggo Habi, ƙanwar babana, da ke zaune Roumbou. Ɗanta Sa'adu taubashina ne. Tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a raba gardamar ba har ya tafi Libiya aikin gini. Da farko kusan kowane mako sai ya aiko wa uwarsa murya. Daga baya, wata damina, saƙo ya tsaya. An tambayi ƴan garinmu da ke can, wannan ya ce ya koma wani gari, wancan ya ce an kama mutane a unguwarsu. Babu wanda ya ce ya gani da idonsa. Abin da ya rage wa Goggo shi ne tsofaffin saƙonninsa a cikin wayarta, da nimeron da take aika masa nata. Duk ranar kasuwa sai ta zo rumfar, a sa mata caji inda rezo, wato layin waya, ke da ƙarfi, ta danna ɗigo biyu ta ba Sa'adu labarin hatsi da na wanda ya rasu da na akuyar da ta haihu. In ta gama ta tambaya, Zaharaddini ya duba alamar da ke gefen saƙon ya gaya mata gaskiya: ya tafi, bai isa ba tukuna. Bai taɓa ƙara mata ko rage mata ba.

Wata rana da ba ta kasuwa ba aka aiko kirana, wai Goggo na tasha. Na iske ta zaune a kan bencinsa, mayafi ya zame, wayar a tafin hannu. Ashe an yi mizajur. Ta danna ɗigon da ta saba, maimakon muryar Sa'adu sai abin ɗaukar hoto ya buɗe, ta ga fuskarta.

"Sun ɗauke mini yaro," in ji ta, "sun bar mini wata tsohuwa."

Na yi dariya, don ni wawa ne a irin wannan wuri. Zaharaddini bai yi ba. Ya nemo inda aka kai maɓallin, amma da ya karanta sanarwar da ke sama sai ya jawo ni gefe. Masu aplikasiyon ɗin sun ce wayoyi irin nata sun tsufa, nan gaba kaɗan zai daina aiki a cikinsu. In ba a mayar da komai cikin wata waya ba, saƙonnin za su kulle a ciki. In kuma aka yi kuskure wurin mayarwa, za su tafi gaba ɗaya.

Na kawo tsohuwar wayata da ke ajiye, wadda ta fi tata sabunta. Ya ce Goggo ta kwana gidana, aikin ba na gaggawa ba ne. Washegari na zauna kusa da shi ina kallo. A lokacin ido ya riga ya fara ba shi wahala. Tabarau biyu ya ɗora, ɗaya bisa ɗaya, yana kai wayar har bakin hanci. Bai yarda da hanyar da aplikasiyon ɗin ya ce a bi ba sai da ya fara kwafe saƙonnin ɗaya bayan ɗaya cikin katin ajiya, ba tare da ya saurari ko guda ba. Masu kawo gyara suka yi ta zuwa yana ba su haƙuri. Na ce masa ko in taimaka, ya ce e, in zuba shayi.

Bayan la'asar ya ɗiga jan farcen a sabon wuri, ya hura masa iska ya bushe, ya miƙa wa Goggo, ya tashi ya nufi kekensa. Ta danna.

"Inna, ina wuni," in ji muryar Sa'adu, da ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa. "Ki ce ma bawana ya rage tumbin nan kahin in komo. Ba ni son a ce bawa ya hi ubangidanshi ƙiba."

Goggo ta dube ni, ta dubi tumbin, ta ce ai ga shi ban ji magana ba. Ni kuma sai na ga ina da aiki a wurin keken nan.

Zaharaddini, kai ne ka san cewa wanda ya miƙo maka waya ba ƙarfe ya miƙo maka ba. Kai ne ka riƙe sirrin rabin garin nan a hannunka, ba mu taɓa jin ko kalma ɗaya ta fita daga rumfarka ba. Kai ne kake bin bayan mutanen da ba su san da kai ba, suna matsar da ƙofa kana nuna wa tsofaffi inda ta koma, ba ka taɓa zaginsu ba. Ni nake yi maka aikin zagin, kyauta. Mai reza da jan farce, yanzu in na bi ta tasha na ga mai sayar da kankana a inda rumfarka take, sai in rage tafiya ba tare da dalili ba.

Mun gode. Allah ya ba idonka sauƙi, ya sa gonar Bader Goula ta karɓe ka da alheri. Samarin da suka buɗe shagunan waya a garin nan, kun fi shi saurin hannu, na yarda. Ku koyi zamansa da mutum, ku koyi tashi ku ba da wuri in murya ta fara. Masu ƙera aplikasiyon kuma, in wannan ya taɓa isa gare ku, kafin ku matsar da maɓalli ku tuna akwai wata tsohuwa a Roumbou da ta haddace inda yake.

Ranar da zai tafi ya bar mini kwalbar jan farcen, ya ce Goggo ta dawo hannuna. Kasuwar da ta wuce ta zo shagona, ta yi maganarta, ta miƙo mini in duba. Alamar ta nuna saƙon ya isa. Hoton da ke kan nimeron na wani mutum ne da ban sani ba, riƙe da jariri. Ashe kamfanin layin can ya ba wani mutum nimeron Sa'adu.