Ranar da Yaya Ya Rusa Ɗakin Hajiya a Kwamfuta

Layinmu a Azare gangare ne, duk ruwan saman unguwa ta bayan ɗakin Inna yake wucewa. Shekarar da Yaya ya gama karatun injiniya, maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da gero, ya tayar da katangar bulo a kan hanyar ruwan. Ko makaho ya san inda ruwan zai koma, ga shi ɗakin Inna ginin ƙasa ne.

Baba ya yi magana, Alhaji ya ce filinsa ne. Sai Yaya ya ce a bar shi da shi. A kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka akwai wata manhaja mai kwaikwayon ruwa: ka ba ta tudu da kwarin wuri, ka saki ruwan sama, ta nuna maka inda zai kwanta. Wai akwai irinta ta koyon tuƙin jirgi, akwai ta gwada gada tun ba a gina ba. Ya yi ta auna lungunmu da igiya yana hura hanci, sai ka ce shi ya ƙirƙiro damina.

Aka zauna a ƙofar gidanmu bayan la'asar, da mai unguwa, da Alhaji da ƴaƴansa maza. Ni na kawo ruwan sha, na ƙi komawa ciki.

Yaya ya danna. Ruwa shuɗi ya malalo a gilashin kwamfutar, ya daki katanga, ya dawo ya cika ɗakin Inna. Alhaji ko gezau. Da a nan Yaya ya tsaya da an rabu lafiya, amma ya bar abin ya ci gaba. Ruwan ya zagaya, ya kewaye wani ɗan akwati a gidan Alhaji, akwatin ya koma ja.

"Wannan jan fa?" in ji Alhaji.

"Ɗakin Hajiya ne, mahaifiyarka. Ja yana nufin ginin zai faɗi."

"Uwar tawa ka danne da gini? Tana raye, a gaban mutane?"

"Alhaji, kwaikwayo ne kawai..."

Alhaji ya katse shi da mari. Babban ɗan Alhaji ya ɗauki bulo ya maka wa kwamfutar, gilashi ya tarwatse a tabarma. Yaya ya shaƙe shi, suka zube a kwata, jini na zuba daga hancin Yaya. Ƙaramin ɗan Alhaji ya sungumo cebur ɗin magina ya nufi kan Yaya da shi. Baba ya tare da hannu. Na ji ƙarar ƙashin, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ban san lokacin da na ɗare bayan mai cebur ba. Na gantsara masa cizo a kafaɗa har na ji gishirin jini a bakina, kuma har yau ban yi nadama ba. Da ƙyar maƙwabta suka ɓamɓare ni.

Mai unguwa ya ce tunda kowane gida ya zubar da jini, kowa ya yi haƙuri. Katanga kuwa, ko ambatonta bai yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru kafin magariba. Mai ɗori yana jan hannun Baba, Baba na salati, ni kuma na leƙa ta kan tsohuwar katangarmu. Sai ga ƴaƴan Alhaji suna fito da gadon Hajiya daga wannan ɗakin, suna kai shi ɗakin gaba, Alhaji da kansa yana riƙe da hannunta. Ashe ya yarda da abin da ya gani. Ya kwashe uwarsa, ya bar katangarsa a tsaye.

Mu ba mu da ɗakin gaba. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, ni da Inna da Yaya muna ta kwasar ruwa da ƙwarya daga ɗakinta, Baba na tsaye a bakin ƙofa da hannu a ɗaure, ko bokiti ba ya iya ɗagawa. Inna ta fita zubar da ƙwaryarta ke nan, bangon baya ya zauna a kan gadonta.