Odete da Jirgin Venis

Shekara talatin da ɗaya muka yi ni da Odete muna sharar jiragen ƙasa a Porto. Ba ta da surutu, aikinta kawai za ka gani. Da muka yi ritaya sai muka goya jakunkuna tare da ƙawarmu Graciete, muka ratsa Sifen da Faransa, muka shiga Italiya. Burin Odete guda ne, ta ga Venis, garin da ke kan ruwa. Yini ɗaya ya rage mana, washegari sai gida.

A tashar Milan minti goma gare mu mu kama jirgin ƙarshe da zai kai mu Venis mu dawo a ranar. Muna sauka daga jirgin da ya kawo mu muka ga wata mai shara ita kaɗai a taragon da 'yan kallon ƙwallo suka yi wa kaca-kaca, idonta ya ciko da ƙwalla. Odete ta sauke jakarta.

"Ke tsohuwa, kin haukace?" in ji Graciete. "Yawo muka zo, ba neman aiki ba!"

"Ku je ku ɗauko mini hoton Venis," in ji Odete, tana naɗe hannun riga.

Gwiwoyina na ciwo, amma na karɓi bokiti. Graciete ta yi tsaki ta biyo mu. Muna goge kujeru jirgin Venis ya tafi.

Matar ba ta jin yarenmu. Da muka gama ta kai mu ɗakin ma'aikata, ta raba burodinta huɗu, ta zuba mana kofi. Odete ta tuɓe takalmi, ta miƙe ƙafa, ta cinye rabonta tas.