Da Aka Yi wa Kwamfutocinmu Magani

A ofishinmu na Mandawari, inda muke shirya wa mutane tafiyar Umara, babu wanda ya kai ni zagin kwamfuta. Guda uku ne, irin waɗanda allo da inji suke haɗe wuri ɗaya. Da farare ne, tsufa ya mayar da su kalar koko. Tawa ta fi kowacce nawa. In ka danna maɓalli da safe sai ta yi gurnani, ta kawo wani ɗan zobe yana ta juyawa, kai kuma ka zuba tagumi.

Ni dai ban taɓa zuba tagumin ba. Ina dannawa zan zura takalmi in ce wa abokan aiki, "Bari in ba ta wuri ta farka." Sai in bi lungu in ɓulla gidan Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami. Ciwon ƙafa ya zaunar da ita, iyakarta ɗaki da tsakar gida. In durƙusa in gaishe ta, ta turo mini kunun gyaɗa, ta ba ni labarin wanda aka haifa da wanda ya rasu, ta yi mini faɗan na rame, alhali kujerar ofis har kuka take in na zauna. Kafin in dawo kwamfuta ta gama miƙa. Alhaji, mai kamfanin, bai taɓa cewa uffan ba, don ya san ko na zauna kallon zobe zan yi.

Amma bakina bai bar ni na huta ba. Kullum ina gaban Alhaji. "Ranka ya daɗe, waɗannan fa gidan tarihi ya kamata a kai su. Wallahi da za a gyara su, kafin azahar na gama aikin yini." Har da rantsuwa, kamar wani ne ya tambaye ni.

Da ya gaji da mitata sai ya kira mai gyara. Mutumin ya kifa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ya ɓalle murfin baya, ya ciro tsohuwar ma'ajiyar bayanai, ya saka wata 'yar siririya kamar biskit, ya ƙara musu ƙwaƙwalwa. Ina tsaye a kansa ina gyaɗa kai kamar da ni aka ƙera su. Ranar har tafiyata ta canza, ina jin ni ne na kawo wa ofis ci gaba.

Washegari na danna maɓalli, na sunkuya neman takalmi. Kafin in ɗago, allo ya buɗe tar yana jirana. Ga Alhaji a bayana yana murmushi.

"To Malam, ga abin da kake nema. Sai mu ga aiki kafin azahar."

Na mayar da ƙafata ƙarƙashin tebur.

Na ce a raina ba komai, zan riƙa zuwa gidan Gwaggo da yamma. Da yamma kuma ga gajiya, ga hanyar gidana ta Ƙofar Na'isa ba ta bi ta lungunta ba. Na ce to zan riƙa sammako in biya kafin ofis, barcin bayan asuba ya ce bai san zancen ba. Na ɗaga zuwa Juma'a, Juma'a ta zo da ɗaurin aure. Haka kwanaki suka yi ta tafiya, kullum abin yana cina a rai, kullum ina da dalili mai kyau.

Ranar da na je, na tarar da Gwaggo zaune ta fuskanci ƙofa. Kunya ta sa na cika ta da surutu. Na kwashe labarin gyaran kaf na ba ta, da yadda kwamfutar take daɗewa da can har in sami sararin leƙowa, da yadda yanzu take tashi kafin ƙiftawar ido. Sai zuba nake, ina ganin na kawo hujjar da za ta wanke ni.

Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Allah ya ƙara mata lafiya." Ta murza gwiwarta. "Ni duk shekarun nan na zaci kai ne kake zuwa, ɗan nan. Ashe ita ce take aiko ka."