Gyambon Sale da 'Yar Kyanwar Sito

Har gobe ban manta da ranar da na ce a danne mini Sale ba. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ne, ina malamin asibiti a wata 'yar dispensa a ƙasar Kiru. Ku yaran yanzu ba ku san aikin ba. Ni ne mai ba da magani, ni ne mai wankin miki. Likita, wani Bature, sau ɗaya yake zuwa daga Kano a wata, wanda ciwonsa ya fi ƙarfina ya sa shi a mota su tafi.

Sale maraya ne, shekararsa goma sha biyar, yana hannun ƙanen ubansa, Malam Garba na Ba'awa. Gyambo ya ci masa ƙwabri har ya kusa ƙashi. Likita ya duba, ya ce da gurguwar Hausarsa in ya dawo bai ga sauƙi ba, Kano za a kai shi a yanke ƙafar. A kunnen yaron ya faɗa. Uban Sale kuwa a wannan motar aka tafi da shi, bai dawo ba.

Washegari yaro ya ƙi wanki. A lokacin in mutum ya ƙi, danne shi ake yi, haka aka koya mana. Ni kuma ga zafin kai. Na ce Malam Garba da wani ƙato su riƙe shi. Kai! Ya gantsara wa baffansa cizo, ya fizge, ya shige cikin dawa yana ɗingishi.

Kwana goma ban sa shi a ido ba. Malam Garba ya zo, duk ya zabge. Ya ce, "Malam, yaron nan ya dawo gida, amma maƙiyi ya ɗauke ni. Cewa yake da ni aka haɗa baki a yanke masa ƙafa. Ba ya cin tuwo sai matata Asabe, Innarsa, ta ɗanɗana a gabansa. Lauje ba ya rabuwa da hannunsa. Ita kuma kullum kuka, ba mu da wani ɗa sai shi." Na san ni na jawo.

Muna cikin magana sai ga kukan 'yar kyanwa. Kyanwar da ke gadin sitonmu ce ta haihu, tarkon ɓeran da na ɗana ya kama ƙafar ɗaya daga cikin 'ya'yan. Malam Garba ya ce, "Ba ni ita in kai wa Asabe, ko ta sami abin yi wa magana."

Bayan kwana huɗu ya dawo da fara'arsa. Wai Asabe na ba 'yar kyanwar madara, sai Sale ya ce, "Inna, ba haka ake riƙe ta ba." Maganarsa ta lumana ta farko ke nan a mako biyu. Wai yanzu su uku suke zama a tabarma suna kallon tana kokawa da zaren Asabe. Na daka wa Malam Garba tsawa, "Ina tambayar ƙafa, kana ba ni labarin kyanwa!"

Ashe ni ne wawan. Kwana biyu sai ga Sale a gindin maɗacin ƙofar dispensa, kyanwa a cikin hula, lauje a ɗaya hannun.

"Ƙafarta na wari," in ji shi. "Yankewa za ka yi?"

"A'a, wankewa ake yi."

"Kada ka taɓa ta."

Doka ta hana marar lafiya taɓa kayan aiki. Na ɗauki auduga da kwanon ruwan magani, na ajiye a ƙasa, na ja da baya ina gaya masa yadda zai wanke mata. Warin tasa ƙafar yana bugo ni, na danne zuciyata ban yi masa maganarta ba. Haka muka yi kwana uku. A na huɗu ya gama ɗaure mata, ya miƙe ƙafarsa, ya ce, "Ni zan wanke da kaina."

Saura kwana tara Likita ya zo. Kullum yana wanki ina nuni daga nesa, raina a hannu.

Ranar, da Sale ya ji ƙugin mota, ya miƙe zumbur zai gudu. Malam Garba ya yunƙura, na ce, "Wallahi kada ka taɓa shi!" Asabe ce ta ɗora masa kyanwar a cinya, ya koma ya zauna. Likita ya kwance bandeji, ya daɗe yana kallo.

"Wa ke wanke wannan?"

"Ranka ya daɗe, shi da kansa."

Ya harare ni har na ce aikina ya tafi. Sannan ya ce, "Nama yana tsirowa. A ci gaba." Asabe ta rangaɗa guɗa a tsakiyar dispensa.

Abin da na koya shi ne, wanda tsoro ya kama ba a shawo kansa da ƙarfi. Na yi shekara talatin ina aikin bayan nan, ban sake cewa a danne mini kowa ba. Kyanwar da ɗingishinta ta tsufa. Sale kuwa, ranar da Malam Garba ya rasu, da ƙafafunsa biyu ya ɗauki makara har maƙabarta.