Buhun Doyar da Ya Bi Ni Intabiyu

Da asubar fari muka bar Wushishi, ni da yayana, da buhun doyar da Inna ta matsa sai an ɗaura a bayan mota. Masu bibiyata kun san shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayen doya a ƙauyuka ina lodi zuwa Kudu. Abin da na ɓoye muku shi ne na cike fom ɗin wata makarantar koyon kasuwanci a Minna, kuma ranar ce aka kira ni intabiyu. Digirina na labarin ƙasa ne, ya daɗe a gindin akwati. Ban taɓa aikin ofis ba. Da suka ce a kawo shaida daga wurin aiki, wasiƙar shugaban 'yan doya na riƙo, da hatiminsa a karkace. Wallahi tsoro nake ji kar su dube ta su yi mini dariya.

Hanyar Zungeru tana nan da ramukanta, kuɗin mota kuma ya sake tashi, direba ya ɗora wa fetur laifi kamar kullum. A Beji muka tsaya karin kumallo. Yayana ya share masa da miyar taushe har da neman ƙari, ni ko kunu ban taɓa ba. 'Yan kasuwa suka gane ni, suna ta kira, “Hajiya, yau ba lodi?” Na ce asibiti za ni, Allah ya yafe mini.

Da muka isa Minna, a unguwar Kpakungu na sauya kaya a gidan gwaggona, muka hau Keke Napep cikin cunkoso, buhu a kan ƙafafunmu. A zauren jira kuwa ma'aikatan banki ne da 'yan kwat, Turanci sai ka ce famfo aka buɗe. Na cusa hannuwana cikin mayafi saboda kantar da aikin doya ya yi musu. Wata da ke kusa da ni ta kalli buhun, ta raɗa mini, “Hajiya, kar fa su ce toshiyar baki ce.” Kafin in hana yayana, an kira sunana, shi kuma ya riga ya saɓi buhu ya dire a gaban malamai uku, ya gaishe su ya fita abinsa!

Babbarsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, “Wannan fa?”

Na ce, “Tsaraba ce, ranki ya daɗe. Innata ta ce ba a zuwa gaban malamai hannu rabbana.”

“Ba ma karɓa,” in ji ta.

Na ce a raina shi ke nan, na kashe kaina da hannuna. Sai ta ce in kwance buhun. Ta ɗauki guda, ta tambaye ni yadda nake sanin za ta kai Legas ba ta ruɓe ba. Na fara bayani: a duba kanta, a ɗan kankare da farce, a ware duk wadda fartanya ta sara, kuma ba a lodi da rana tsaka. Wani a cikinsu ya ce idan mota ta lalace fa? Na ce ai tun da hakan ta taɓa samuna na daina zuba kayana duka a mota ɗaya. Suka yi ta rubutu. Dattijuwar ta jujjuya wasiƙar shugabanmu, ta ce in jira saƙo.

Da buhunmu muka dawo. Inna na ganinsa ta zauna daɓas a bakin ƙofa, ta ce, “Sun ƙi ki ke nan.” A wurinmu, wanda ya maido maka da kyauta ya gama da kai. Kwana tara ina duba waya har a tsakiyar ciniki, abinci ba ya mini daɗi.

Rana ta goma saƙo ya shigo: sun ɗauke ni, amma sai na fara da difloma ta shekara guda. Na karanta wa Inna sau biyu. Ta share ido ta ce, “To, yanzu sai ki mayar musu da doyarsu.”

Abin da tafiyar nan ta koya mini: na je ina ɓoye sana'ata, ita kuma ta shigar da ni. Mutanen Beji, ku yi haƙuri, lafiyata lau. Makaranta na je.