Ɗiyar fari da gashin kaji

Ita ce ɗiyata ta fari, don haka ban taɓa faɗin sunanta ba. Haka munka tashi munka iske a Adar: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, in ya zo da magana sai ta kau da kai. Tun da anka yaye ta gwaggonta, yayar babanta, ta ɗauke ta zuwa Buza, can ta shiga lakwal, makarantar boko. Ni kuwa sai da furfura ta fara fito mini na zauna ajin yaƙi da jahilci a ƙauyenmu na wajen Tama, abin da ya sa yau nake iya rubuta wannan da hannuna.

Ranar da anka ce ta gama karatu har ta zama dokta, na zaci an kai ƙarshe. Ashe akwai wani zango da suke kira fosdok. Autata ce ta fayyace mini shi. Mutum ya gama karatu, amma ba shi da wurin aiki na kansa, sai ya shiga ɗakin binciken wani babban malami, wanda suke ce wa labo, ya yi aiki shekara biyu, in wa'adi ya cika ya ɗaure kaya ya nemi wani. Na ce ashe ƙwadago ne a gonar wani. Auta ta ce, "Ƙwadago ne, Inna, sai dai da farar riga." Haka yarinyar nan ta yi ta yi, daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Aikin nata kuwa, gashin kaji ne. Wai gashi da ƙaho da farce duk asalinsu guda, abin da suke kira furotin. Tana narkar da gashin ta shimfiɗa shi ya bushe, ya zama wani abu marar kauri kamar leda, wanda in an yar da shi ƙasa za ta cinye shi. Wannan na gane shi sarai, don na taɓa rasa akuya mai ciki, da anka farke ta baƙar leda ce cunkushe a tumbinta.

Bara bayan girbi yarinyar ta zo gida, ta rame. Wa'adinta ya cika. Wani labo a wata ƙasa mai nisa ya ce ta zo, shekara biyu kuma. Ga wani biro, wato ofis, a garin Tawa yana son ta, aiki zaunanne, amma ba bincike, sai zama kan kujera. Kuma duka biyun suna jiran amsa.

Gwaggonta ta taso daga Buza takanas. Tana shiga gida ta dube ni ta ce, "Amaryarmu, ke dai ba ki magana, to ni zan yi. Karatun duniya duka, a ƙare a figar kaza? Ga su nan bayan ɗaki, ta fige iyakar son ranta, ta zauna kusa da mu."

Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, naku sun yi kaɗan."

"Mu ƙaro miki zabi!"

An yi dariya, amma na ga ta yarinyar ba ta kai ciki ba. Ni ma a raina Tawa nake so. Mota guda ce, in ta taso da safe a ci abincin rana da ita.

Wata rana da hantsi ina zaune ina gyaran irin albasa, auta na kusa da ni, sai ta zo ta zauna a bakin tabarmata. Ba ta taɓa yin haka ba. Ta ce, "Inna, kowa ya faɗi tasa. Taki nike jira. In tahi ko in zauna?"

Hannuna ya tsaya a cikin faifai. Ban iya ɗaga kai ba. Na ce wa auta, "Tambayi yayarki, abin nan da take yi, ya ƙare?"

Auta ta ce, "Inna, ga ta nan fa, gwiwarta na taɓa taki."

"Tambaye ta dai."

Auta ta juya da gangan ta ɗaga murya kamar mai shela a kasuwa. "Yaya, wai an ce ya ƙare?"

Ta ce bai ƙare ba. In ya bushe yana da ƙarfi, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya saki. Ta ce tana jin ta kusa gane dalili, kuma a sabon wurin akwai injin da take bukata. Tana faɗi muryarta na sauyawa, hannuwanta na ta kwatance a iska. Tun da ta zo ban ji ta yi magana mai tsawo haka ba.

Na ce, "Tambaye ta, in ta zauna Tawa, wa zai ƙarasa?"

Wannan karon ba ta jira auta ba. Ta ce, "Wataƙila wani. Wataƙila ba kowa." Sai ta ƙara a hankali, "Na gaji da ɗaure kaya, Inna. In kin ce in zauna, wallahi sai in zauna, ba zan ƙara tada maganar ba."

Na san da gaske take, shi ya ba ni tsoro. Na buɗe baki zan ce wa auta ta gaya mata, sai na ga wannan ba maganar aike ba ce. Na ajiye faifan, na dube ta ido cikin ido. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira, ban san ranar da ta same shi ba.

Na ce, "Ki tahi, ɗiyata. Ki ƙarasa."

Ta kifa kanta a cinyata. Auta, mai bakin nan, ta tashi sumui-sumui ta ba mu wuri.

Gwaggonta ta yi fushi da ni har damina, kuma ban ga laifinta ba, ita ta goya ta. Yarinyar tana can yanzu. Ranar Juma'a takan kira, mu yi magana ni da ita. Ta ce abin ya fara jure ruwa kaɗan. Inda za ta in wannan wa'adin ma ya cika, ita kanta ba ta sani ba tukuna.