Rabon Kati a Teburin Baba Issaka

Shekara goma sha ɗaya ina raba kati a wani gidan cacar poker da ke tsakiyar London, amma ban taɓa mantawa da Lahadin da aka zaunar da Baba Issaka a teburina ba. Ku sababbin shiga ku saurara, don wannan ba ta cikin takardun horo.

Gasar rana ce. Mutum ashirin da takwas suka rage, ashirin da bakwai ne za su samu kyauta. Wannan gaɓar ake kira bubble: wanda ya faɗi a nan, hannu rabbana zai koma gida. Baba Issaka direban tasi ne ɗan Kumasi, dattijo mai furfura, chips ɗinsa kuwa, wato 'yan faya-fayan da ke madadin kuɗi a wasan, sun tsiyaye saura ɗan kaɗan. Mai irin wannan hali zaɓi biyu gare shi, ko ya tura komai tsakiya, ko ya yar da katin. Akwai na uku da doka ba ta so: jan lokaci, ko wani a teburin gefe zai riga shi faɗuwa.

Da ya ga sunana a ƙirji, Danladi, sai ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya. "Yaro na, yi shuffle sannu-sannu. Wancan mata na table biyu ya kusa mutu."

Wato so yake in ja lokaci wajen cakuɗa katin. A Jos aka raine ni, inda ba a ce wa mai furfura a'a ido da ido. Kuma in na ƙara daƙiƙa goma a kowane rabo, ba mai lura. Sai dai matar nan ita ma da guminta ta shigo gasar, ni kuma lasisina ke ciyar da gidana.

Na ɗaga hannu na kira shugabar zaure, na faɗa mata da Turanci, yadda kowa zai ji, abin da aka roƙe ni. Ta gargaɗi Baba, sannan ta ba da umarni: kowane tebur ya yi rabo ɗaya, ya jira sauran. Jan lokaci ya tashi aiki ke nan. Kunya kamar in nutse.

A rabo na gaba kowa ya yar, saura Baba da wani mai tarin chips. Baba ya leƙa katinsa, ya dube ni, ya tura komai. Ace da tara gare shi, abokin karawarsa kuma bakwai guda biyu. Na buɗe kati biyar a tsakiya, ba ace ba tara, bakwai ɗin nan biyu suka cinye, Baba ya fita daga gasar. Ya tashi ya kama hanyar ƙofa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Bayan mako biyu ina cinikin doya a Lewisham, aka dafa kafaɗata. Na juya, sai ga Baba Issaka, na rusuna na gaishe shi.

"Kai ka kashe ni," in ji shi.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙuri na me? Da ka yarda mini, gobe za ka yarda ma wani a kai na. In na dawo, table naka nake so."

Ya kuwa dawo, har yau yana zuwa. A bakin ƙofa nakan rusuna masa kamar mahaifina. A kan tebur kuwa hannuna gudu ɗaya gare shi ga kowa, kuma ba abin da nake alfahari da shi a aikin nan kamar wannan.